Mawaƙi a Bakin Rijiya

"…da ƙafafun fa, Kaka? Sun tashi tare da kai, ko ka baro su a gado?"

"Lafiyarsu ƙalau, Gantali. Su za su raka ka makwancinka su dawo."

"Allah ya ba ka iko. Ni dai rediyon nan nake jira, ka ƙi tafiya mu gada."

"Rediyon da ya fi ka? Shi aƙalla sau biyu a rana yana faɗin abin hankali."

Gaisuwarmu ke nan ni da mahaifin babata, tun ina rarrafe. Ranar Asabar ce da yamma, muna ɗakin baya, inda ake jibge katifun baƙi da mataccen firij. Teburin ƙafarsa ɗaya gajera ce, na tokare ta da littafin lissafina na shekarar da na bar makaranta. Iyakar amfanin da na ci na littafin ke nan, kuma ba laifi, yana ƙoƙari.

Wasan namu na labari ne. Kowa na da takarda mai ɗauke da mutumin da yake takawa, da lambobin ƙarfinsa da wayonsa da saninsa. Ni ne mai jan labarin, ina zaune bayan wani kwalin sabulu da na tsayar don kada a leƙa rubutuna. In aka zo wurin da ake shakkar ko mutumin cikin labari ya san wani abu, sai a jefa ƙwaya, irin ta lido amma mai fuska ashirin. Ta kai adadin da na yanka, in gaya maka abin da mutuminka ya sani. Ba ta kai ba, ka haɗiye naka sanin ko da kai farfesa ne. Doka ce.

Mu huɗu ne. Yayata, ma'aikaciyar jinya, ɓarauniya take takawa. Tela maƙwabcinmu jarumi ne mai gatari. Kaka kuwa, da aka ce ya zaɓa, cewa ya yi mawaƙi, wai su ne mata ke bi.

Yaya ce ta shigo da shi wasan. Tun bara abubuwa suka fara zame masa. Ya ɓata a hanyar dawowa daga wurin aski, aka karɓe makullin ƙofar gida daga hannunsa. Daga ranar da wani yaro ya gyara masa magana a bencin mai aski, bai sake taka wurin ba, don Kaka ba ya komawa inda aka kunyata shi. Ya koma ɗaki, ya kashe rediyo, ya zuba wa bango ido. Likita ya ce a samo abin da zai riƙa fito da shi cikin mutane. Mako biyar ke nan teburin nan ne kaɗai ke fito da shi. Dukkanmu mun san in ya tashi daga kujerar nan da fushi, ya tashi ke nan.

Na gyara murya na ce, "Kun iso kangon gidan sarkin da ya ɓace. A tsakar gidan akwai tsohuwar rijiya, an rufe bakinta da faifan dutse, ciyawa ta cinye gefensa. Taswira ta ce zoben sarkin da kuke nema yana ƙasa."

"Na ture dutsen," in ji Tela.

"Ya turu. Duhu ne ƙirin, ba ka ganin ƙasa."

Yaya ta ce, "Na ɗaura igiya a ƙugu. Jarumi, riƙe min."

"Kada ki kuskura!"

Kaka ne. Ya buga tafin hannu a tebur har fensir ya yi tsalle.

"Kwance igiyar nan. Ba mai shiga. A kawo fitila tukuna."

Na ce, "Dakata, tsoho. Wa ke magana? Kai ko mawaƙin?"

"Bakinmu ɗaya."

"Bakinku ɗaya, kanku biyu. Ka duba takardarka. Sanin waƙa, biyar. Sanin zance da mata, huɗu, shi ma alfarma na yi maka. Sanin ƙasa da duwatsu, me ka gani?"

Ya kai takardar kusa da hanci. "Ƙwai ka zana."

"Sifiri ne."

"Ai kai ka fi kowa saninsa. Da shi ka cika mana gida duk ƙarshen zango."

Tela ya tuntsire da dariya. Na ce, "Dariya kyauta ce. Ɗauki ƙwaya ka jefa. Sha biyu nake nema."

"In jefa me? Kai Gantali, shekara talatin da takwas ina haƙa rijiya. Wadda ka sha ruwanta ka yi wannan ƙaton kan, ni na haƙa ta, gaba goma sha tara. Yau ɗan dutsen roba ne zai gaya min ko na san rijiya?"

"Kai ka haƙa. Mawaƙin ko ramin gyare bai taɓa tonawa ba. Hannunsa laushi kamar na jariri."

"Ka taɓa gaisawa da shi ne?"

"Ni na rubuta shi."

"Shi ya sa ya fito rago. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to balle jaki."

"Jakin jikan wa ne?"

"Ta wajen ubansa ya ɗebo."

Yaya ta zungure ni da ƙafa ta ƙarƙashin tebur. Na gane abin da take nufi: ƙyale shi. Da ma ni ma har na buɗe baki zan ƙyale, sai Tela ya ajiye kofin shayinsa.

"A'a fa," ya ce. "Makon jiya da tantinmu ya yage cikin ruwan sama, na ce zan ɗinke. Me ka ce min? Ka ce jarumi bai san allura ba. Ni da na shekara ashirin a kan keke! Na jefa, na ci huɗu, muka kwana a jiƙe, har ka sa min mura ta kwana uku a takarda. Ban yi musu ba. In doka ce, doka ce. In kuma ta 'yan gida daban ce, a faɗa min in san matsayina."

Gaskiya ya faɗa, ita ce matsalar. Tela mutum ne mai auna komai da tef, in aka karkace masa inci ɗaya ba ya mantawa. In ya fita, wasa ya mutu, don mutum biyu ba sa cika tebur. In wasa ya mutu, Kaka ya koma kallon bango. Na dubi Tela, na dubi Yaya. Gaba kura, baya sayaki.

Kaka ya ce, "Ka ji ko? Rijiya ta bayar, guga ya hana."

"Gugan na bin doka ne," na ce.

"Gugan ɓulalle ne." Muryarsa ta sauka. "Yaro, mutum biyu na taɓa fitarwa da hannuna daga irin wannan ramin. Ɗaya ne ya tashi. Ba zan zauna ina kallo jikata ta shiga ba, ko a takarda ne."

Fanka na ta ƙiƙi-ƙiƙi a sama. Na yi lissafi a zuci: sha biyu zuwa ashirin, kusan rabi da rabi ne. Na ce bari in bar wa ƙwaya, wataƙila ta fi ni hankali.

"To jefa mana, in kana da sa'a. Ko hannun ma ya yi ritaya?"

Ya ɗauka, ya jujjuya a tafi, ya watsa. Ta gangara, ta bugi kofin Tela, ta tsaya.

Uku.

Da na san abin da zan ce, da na faɗa. Sai bakina ya bi abin da ya saba. "Mawaƙi ya leƙa. A ganinsa rami ne mai sanyi, ya dace da rera waƙa. Bai san komai ba."

Kaka bai rama ba. Abin da ya tsorata ni ke nan, don tunda nake ban taɓa jifansa da magana ta faɗi ƙasa ba. Ya miƙa hannu a hankali ya ɗauki ƙwayar, ya jefa a aljihun rigarsa.

"Ban sani ba," ya ce.

"Ba kai ba, Kaka. Mawaƙin."

"Hanyar gida, ban sani ba. Makulli, ban sani ba. Magani, wai na sha, ban sani ba." Yana lissafawa da yatsu. "Yanzu rijiya ma ban sani ba. To madalla. Me ya rage?"

Ya lalubo sandarsa a jikin firij. Kujera ta yi ƙara. Yaya ta miƙe rabi, idonta ya kawo ruwa, ta dube ni irin kallon da take wa majinyacin da ya cire wa kansa ƙarin ruwa. Tela ya sunkuyar da kai yana murza gefen takardarsa.

Daga kujerarsa zuwa ƙofa taku biyar ne. Ya yi biyu. Lallashi ba ya kama Kaka, na sani. Lallashi ne ma ya kai shi ɗaki. Abu ɗaya na iya a duniya, sai na yi shi.

"Sauka lafiya. Da ma na san cika baki ne."

Ya tsaya, bai juyo ba.

"Ai an ba ni labari," na ce. "Shekara talatin da takwas kana bakin rami kana riƙe wa maza igiya. In an fito da ƙasa ka zubar. In an ga ruwa ka fi kowa ihu."

"Gantali!" in ji Yaya.

"Bar shi." Kaka ya juyo gaba ɗaya. "Wa ya riƙe wa wa igiya?"

"Kai. An ce ko gaba biyu ka sauka sai ka fara kiran babarka."

"Ni? Ni da ake aiko mota ta ɗauke ni in rijiya ta gagari mutane?"

"Don ba ka da nauyi ne, kana da sauƙin ɗauka. In ka isa, faɗi abin da ake yi. Ga Tela shaida."

Ya dawo taku ɗaya, ya dogara sandar, ya nuna ni da yatsa.

"Buɗe kunnen ƙashinka. Tsohuwar rijiya da ta daɗe a rufe, ba a buɗe ta a faɗa. Iskar cikinta ta mutu. Ba ta wari, ba ta launi, ba ta sallama. Mutum na sauka yana dariya, sai ka ji igiya ta yi nauyi. Na biyu ya bi shi ceto, shi ma shiru. Haka take cin gida guda."

"Tatsuniya."

"Tatsuniyar gidanku. Fitila ake kunnawa, a ɗaura a igiya, a riƙa sakinta gaba ɗaya-ɗaya, ido na kan harshen wutar. In ya tsaya tsaye, iska na da rai. In ya fara ƙanƙancewa yana lumshewa, ka ja numfashi. In ya mutu ba tare da ta taɓa ruwa ba, to ko zinariya ce a ƙasa, ba mai shiga. Sai a..."

Ya tsaya.

"Sai a..."

Bakinsa a buɗe, yatsan na sama. Na ga idonsa na yawo a kan tebur, kan kwali, kan katifu, kamar wanda ya ajiye abu yanzun nan aka ɗauke. Na san amsar, tana kan harshena. Amma in na faɗa, na zama yaron bencin mai aski. Na ga leɓen Yaya na haɗa "ba komai, Kaka", kalmar da ta fi zagi yi masa ciwo. Na riga ta.

"Sai a tsaya a bakin rijiyar da mafici ana yi mata fifita, kamar an kawo amarya cikin zafi. Ai kowa ya san wannan."

Ya dube ni. Daƙiƙa ɗaya, biyu.

"Fifita daga sama?"

"Sosai. Mutum huɗu, mafici huɗu."

"Kai, Allah wadaran boko rabi! Gaba ashirin za ka yi wa fifita daga sama? Ƙasa ake kai fifitar, jaki! Rassa ake sarowa masu ganye, a ɗaure su dami guda a igiya, a sake su ƙasa, a jawo, a sake, a jawo, har kafaɗa ta ce wayyo. Su ke kwaso matacciyar iska su tura mai rai. In ba itace kusa, lema ake buɗewa a yi da ita. Sannan a sake mayar da fitila. Sai ta kai ƙasa da ranta, sannan ɗan adam ya sa ƙafa. Mafici! Ku ji min ɗan banza!"

Yana huci ya zauna. Bai ma san ya zauna ba. Yaya ta juya tana gyara ɗankwali, wai wani abu ya faɗa mata a ido.

Tela ya yi gyaran murya. Mutumin kirki ne, amma tef ɗinsa ba ya lanƙwasa.

"Baba, wallahi na ƙaru. Amma fa uku aka ci."

"Uku aka ci," na ce, don ba yadda zan yi.

Kaka ya jingina, ya harɗe hannu. Wani murmushi ya fito masa, wanda rabona da gani tun kafin a karɓe makulli.

"Tela, bari in yi wa alƙalin naku tambaya. Gantali, me ka rubuta a bayan kwalin nan?"

"Sirrin mai jan labari ne."

"Matacciyar iska ka rubuta. Ka shirya jikata ta sauka ta sume. Ƙarya nake?"

Na dubi takardata. Ga shi da rubutuna mai kama da tafiyar kaza: iska a gaba na takwas, duk wanda ya sauka ba fitila ya faɗi.

"Ban ce e ba, ban ce a'a ba."

"In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. To amsa min. Ka taɓa shiga rijiya?"

"Allah ya kiyaye. Ina da gata."

"Ka taɓa riƙe diga?"

"Na taɓa ɗaga ta in share ƙarƙashi."

"A makaranta aka koya maka? Kafin su gaji da kai?"

"Ni na gaji da su."

"To kai da ba ka haƙa ba, ba ka karanta ba, sanin ƙasa da duwatsunka ƙwai ne, a ina ka san iska na mutuwa a rijiya har ka ɗana wa mutane tarko da ita? Ƙwaya ka jefa?"

Sai abin ya faɗo min a rai. Ina da shekara bakwai, a kan tabarma a ƙofar ɗakinsa, yana gyara igiya yana ba ni labarin nan, ni kuwa ina satar masa sukari. Sau nawa na ji? Ya fi hamsin. Har na manta ba ni na ƙirƙira ba.

"Wani tsoho ne mai surutu ya dame ni da shi," na ce.

"Yawwa. To shi mawaƙin daga bishiya ya faɗo? Ba shi da kaka?"

Tela ya ɗaga kai. Yaya ta toshe baki.

"Ba a rubuta ba," na ce.

"Kai ma ba a rubuta ka ba, ga ka nan kana cin abinci. Kowane rago da ka gani yana yawo da molo, akwai wani tsoho a gidansu da ya yi aikin ƙarfi. In ba haka ba wa ya ciyar da shi har ya samu bakin waƙa?"

"Wannan da ni kake."

"Da mawaƙin nake. Bakinku ɗaya, kanku biyu."

Nan dariya ta ƙwace min, irin wadda ke fitowa ta hanci. Na ɗaga hannu biyu sama.

"Na faɗi. Tela, ka yarda a gyara doka? Daga yau, duk wanda zai iya faɗin wanda ya koya wa mutuminsa abu, da yadda aka yi, a gaban kowa, har tebur ya gamsu, ba ya jifa. A rubuta masa a takarda. Amma abu ɗaya tak ga kowane mutum, kada gobe wani ya ce min kakarsa matuƙiyar jirgi ce."

Tela ya auna maganar. "Abu ɗaya. Kowa da kowa?"

"Kowa da kowa."

"To jarumina uwarsa maɗinkiya ce. Shi ke zura mata zare a allura tun idonta ya raunana. Kuma a goge min murar nan."

"Murar ta riga ta warke, sai dai haƙuri."

Na jawo takardar Kaka, na ɗauki fensir. "Me zan rubuta?"

"Rubuta: jikan mai haƙa rijiya."

Na rubuta.

"Ƙara: kakan ya fi shi kyau."

"Ba wuri."

"Juya bayan takardar."

Na juya, na rubuta, na nuna masa. Ya kai ta kusa da hanci ya bi da yatsa, harafi bayan harafi, don bai yarda da ni ba. Sannan ya zura hannu a aljihu ya ciro ƙwayar, ya cilla min. Ta bugi goshina ta faɗa cikin kwali.

"Ungo, na ba ka kyauta."

"Tawa ce fa."

"Shi ya sa na ba ka, ban saba kyauta da kayana ba." Ya jawo kujera har cikinsa ya taɓa tebur, ya jingine sandar can bayan firij. "Ke ɓarauniya, kwance igiyar nan daga ƙugunki. Jarumi, ga gatari a hannunka kana kallona, je ka saro ganye. Ni zan riƙe fitila."

"Kai da waƙa aka san ka," na ce.

"Zan yi muku ita in mun fito. Ta wani yaro ce da ya yi wa rijiya fifita."